Babi na Bakwai: Man Rana da Murjani

Ba a ƙarƙashin ruwa rana ke cin mai nutso ba. A can ƙasa, zurfin mita 15 ko 20, sanyi ma yake ji in ya daɗe, ko da a Bahar Maliya ne cikin watan Agusta. A kan jirgi take kama shi. Nutso ɗaya ba ya cika wuce minti 40 zuwa awa guda, iskar da ke cikin tukunyar da ya goya ta yi ƙasa. Daga nan dole ya fito ya zauna kamar awa ɗaya kafin ya koma, don iskar naitirojin da ta taru a jikinsa ta samu ta fita a hankali. Ƙa'ida ce, wanda ya yi wasa da ita yana iya kwana a asibiti. Wannan zaman jira kuwa galibi tsakanin hantsi da azahar yake faɗowa.

Duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan jirage ya san yadda zaman yake. An zuge rigar roba an sauke ta zuwa ƙugu, hannayenta na reto. Ma'aikacin jirgi yana zagayawa da faranti na yankakkiyar kankana ko abarba. Ruwan gishiri ya bushe ya bar farin gari a kafaɗa, iskar teku na kaɗawa, jiki ya yi sanyi, don haka babu mai jin komai. Sai da magariba a masauki, mutum ya zo saka riga, ya ji kamar an goga masa barkono a bayan wuya.

Abin da ke ƙonawar ba zafin da fata ke ji ba ne. Wani haske ne da ido ba ya gani, wanda masana suka kasa gida biyu dangane da abin da ke iso mu: UVB, mai ƙona saman fata, da UVA, mai ratsawa ciki ya tsufar da ita. Dukansu suna lalata ƙwayoyin gado na fata, kuma daga nan sankara ke tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 60 cikin ɗari na wannan haske tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana yake sauka. Gajimare mara kauri ba ya tare shi. Busasshen yashin bakin teku yana mayar da kusan kashi 15 sama, kumfar teku kashi 25, wato ko a ƙarƙashin rumfa yana iya zuwa wa mutum ta ƙasa. Ruwa ma ba mafaka ba ne: a zurfin rabin mita, kashi 40 na ƙarfinsa na nan. Shi ya sa masu iyo da bututun numfashi, waɗanda ke kwanciya rub da ciki a saman ruwa suna kallon kifaye, suka fi kowa shan wuya. Gadon baya, sha-raɓa, bayan gwiwa, duk suna buɗe sama, ruwa kuma yana sanyaya su har su manta da agogo.

Baƙon da ya zo hutun mako guda zai ƙone, fata ta saluɓe, ya koma gida. Malamin nutso da matuƙin jirgi kuwa nan ne wurin aikinsu shekara da shekaru. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa kusan ɗaya cikin uku na masu mutuwa da sankarar fata irin wadda ba melanoma ba, aiki cikin rana ne sanadinsu. A Ostareliya, inda cutar ta fi yawa, an bi mutum 1,621 a garin Nambour na jihar Kwinsilan tun daga 1992. Rabinsu aka sa su shafa man kare rana kullum, rabi aka bar su da yadda suka saba. Da aka duba bayan shekaru, melanoma ta kama waɗanda suka riƙa shafawa kullum rabin yadda ta kama sauran. Na kawo wannan tun da wuri don kada abin da zai biyo baya ya sa wani ya ɗauka man nan kayan ƙawa ne da za a iya yarwa. Yana ceton rai.

Man kare rana iri biyu ne. Akwai mai sinadarai da ke narkewa cikin mai, su sha hasken su mayar da shi ɗan ɗumi mara cutarwa. Fitattu a ciki su ne oksibenzon da oktinokset da oktokirilin. Ba sa barin tabo, ba su da nauyi, don haka mutane suka fi son su. Akwai kuma mai garin ma'adini, zink-oksaid ko titaniyom-dayoksaid, wanda ke zama bisa fata ya bar fari kamar an shafa alli. Lambar SPF da ke jikin kwalba ma'aunin tare UVB ce: 15 na tare kashi 93, 30 kashi 97, 50 kashi 98. Amma wannan lissafi sai in an shafa da kauri, wajen mililita 30 ga jikin baligi a shafa ɗaya, kuma mutane ƙalilan ne ke kai haka. Dokar Amurka ta hana kamfani ya ce mansa ruwa ba ya wanke shi. Iyakar abin da aka yarda ya rubuta shi ne yana jure ruwa minti 40 ko minti 80. Bayan haka ina ya tafi? Yana cikin teku.

*

Yawancinmu murjanin da muka sani shi ne jan da iyayenmu mata ke sarƙa da shi. Wancan daga Bahar Rum yake, a wurare masu duhu yake tsirowa, kuma ba ya gina tudu. Wanda ake magana a nan shi ne na ruwan ɗumi mara zurfi, mai gina tuddai da ganuwa a ƙarƙashin teku. Gaɓar Najeriya ba ta da shi, saboda lakar da Kwara da sauran koguna ke juyewa ta hana ruwan yin garau. Amma alhajin da jirginsa ya yi ƙasa-ƙasa zai sauka Jidda, in yana kusa da taga, kore-koren da yake hangowa a bakin teku shi ne. Hausawan Port Sudan kuwa maƙwabtansa ne.

Kallo ɗaya za ka ce dutse ne. Alhali dabba ce, ko kuma a ce dubban 'yan dabbobi ne manne da juna, kowace jaka ce 'yar mitsitsiya mai baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da shi, tana zaune cikin ƙoƙon farar ƙasa da ta gina wa kanta. A cikin naman kowace akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya, miliyoyinta. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi: gansakuka ta samu mazauni da taki, ita kuma ta yi amfani da hasken rana ta haɗa sukari, ta ba mai masaukinta har kusan kashi 90 na abincinsa. Launin ruwan ƙasa da kore da ake gani a jikin murjani nata ne. In ruwa ya ɗara zafin da aka saba da shi a tsakiyar bazara da digiri ɗaya tak, ya kuma daɗe haka makonni, sai zaman ya lalace. Gansakukar ta fara fitar da guba maimakon abinci, murjani ya tofar da ita, ya koɗe fari fat har ana hango ƙashinsa ta cikin nama. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri zai iya farfaɗowa. In ba haka ba, shi ke nan.

Waɗannan tuddai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke rayuwa, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa ƙauyukan bakin gaɓa.

Wanda ya fara ɗaga zancen man rana a ilmance shi ne Roberto Danovaro na jami'ar birnin Ankona a Italiya. A 2008 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a tekuna huɗu, har da Bahar Maliya. Sun karyo 'yan rassan murjani suka sa a jakunkunan leda cike da ruwan teku, suka ɗiga man. Cikin kwana biyu murjanin ya fara zubar da majina, cikin kwana huɗu ya koɗe. Suka ɗora laifin a kan sinadarai huɗu, suka kuma ce hanyar ɓarnar ita ce tayar da ƙwayoyin bairos da ke kwance cikin gansakukar. Sun ƙiyasta cewa rubu'in man da mutum ya shafa yana wankewa cikin minti 20 a ruwa, kuma tan 4,000 zuwa 6,000 ke shiga yankunan murjani duk shekara.

Duniya ba ta damu sosai ba sai da Craig Downs ya zo. Shi masanin guba ne mai ɗakin bincike a jihar Bajiniya ta Amurka. Kamar yadda ya sha ba 'yan jarida labari, a 2005 yana tsibirin St. John a yankin Karebiyan, yana neman dalilin da ya sa murjanin lungun tekun Trunk Bay ke lalacewa alhali wurin gandun gwamnati ne, ba masana'anta, ba gona. Wani mutumin wurin ya ji suna tattaunawa, ya ce su jira yamma, bayan baƙi sun watse, su dubi saman ruwa. Da suka duba sai ga maiƙo yana ƙyalli.

Shekara goma bayan haka, a 2015, sakamakonsa ya fito. Ya ɗauki jariran murjani daga Eilat, a ƙuryar Bahar Maliya. Jaririn murjani ɗan ƙanƙani ne, yana yawo cikin ruwa kwanaki kafin ya samu dutsen da zai manne. Da aka sa su cikin ruwa mai oksibenzon sai suka daina iyo, suka nakasa, bakinsu ya wangale, wasu suka lulluɓe kansu da ƙashin da bai kamata su fara ginawa ba tukuna. A ƙwayoyin jikin wani nau'in da aka ware a kwanon gwaji, an ga illa tun daga nanogiram 62 a lita. A Trunk Bay kuwa ya auna har miligiram 1.4 a lita, wato fiye da ninki dubu ashirin na wancan.

Waɗannan lambobi biyu su suka yi tafiya. Ranar 3 ga Yuli 2018 gwamnan Hawai, David Ige, ya sa hannu kan dokar hana sayar da man da ke da oksibenzon ko oktinokset, ta fara aiki 1 ga Janairu 2021. Ƙasar Palau, mai mutum kusan 18,000, ta riga ta zartarwa: daga farkon 2020 ta haramta sinadarai goma, ta sa tarar dala 1,000 ga mai shagon da aka kama, ta ba jami'ai ikon karɓe kwalbar a hannun baƙo. Tsibiran Aruba da Bonaire da Virgin na Amurka suka bi sahu. A Agustan 2021 Tailan ta hana shiga gandayenta na teku da man da ke ɗauke da sinadarai huɗu, tara har baht 100,000, kuma huɗun nan su ne daidai waɗanda Danovaro ya lissafa shekara 13 kafin nan. A Fulorida kuwa an yi tirjiya. Garin Key West ya kafa tasa dokar a 2019, majalisar jiha ta soke ta a 2020, tana kafa hujja da sankarar fata.

Abin mamaki, duk an yi dokokin nan ne kafin a san takamaimai yadda sinadarin ke kisa. Amsar ta fito daga jami'ar Stanford a 2022, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, don ta fi duk abin da aka zata ban sha'awa. Djordje Vuckovic da William Mitch da abokansu sun yi gwaji da anemoni, wata 'yar'uwar murjani mara ƙashi wadda ta fi sauƙin kiwo a ɗaki. Waɗanda aka ba oksibenzon cikin hasken da babu UV ba abin da ya same su. Waɗanda aka ba hasken rana ba sinadari, lafiya lau. Waɗanda aka haɗa musu biyun duk suka mutu cikin kwana 17. Yaya maganin rana zai zama guba a cikin rana?

Ga yadda abin yake. A jikin oksibenzon akwai wani ɗan reshe wanda shi ke ba shi damar sauke ƙarfin hasken da ya sha, ya mayar da shi ɗumi. Dabba kuwa in baƙon sinadari ya shige ta, dabararta ita ce ta manna masa sukari don ya narke a ruwa ta fitar da shi. Anemoni na yin haka, sai dai a daidai kan wannan reshe take manna sukarin. Sinadarin ya ci gaba da shan haske, amma ya rasa hanyar sauke shi lafiya, sai ya riƙa watsa shi cikin naman dabbar yana ƙona ta. Ƙoƙarin kare kanta ne ke kashe ta. Sai kuma abu na biyu da suka gani: gansakukar da ke cikin jiki tana tsotse gubar ta riƙe. Anemonin da ba ta da gansakuka ta riga 'yan'uwanta mutuwa da kwanaki. Ma'ana, murjanin da zafi ya riga ya koɗar shi ne ya fi shiga haɗari in man ya same shi.

*

To, da wannan sai a ce magana ta ƙare? Ba ta ƙare ba, kuma masu jayayya ba duka 'yan amshin shatan kamfanoni ba ne, ko da yake gaskiya ne masu sayar da man sun ɗauki nauyin wasu daga cikin binciken da ya wanke su.

Jayayya ta farko kan yawa ce. Jakar leda ba teku ba ce. A cikin jaka sinadari na nan tare da murjani dare da rana. A teku igiya na zuwa tana tafiya, ruwa na cika yana janyewa sau biyu a yini a yawancin wurare. Da Carys Mitchelmore ta jami'ar Maryland ta auna ruwan tsibirin Oahu a Hawai, har da bakin tekun Waikiki mai cunkoso, ta samu oksibenzon, amma a ma'aunin nanogiram, dubban ninki ƙasa da na Trunk Bay. Gwajin Stanford ma an yi shi ne da adadi mai yawa don a ga hanyar ɓarnar a fili. A Agustan 2022 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da dogon rahoto kan sinadaran tare rana 17. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma yanke musu hukunci ba. Ta ce hukumar kare muhalli ta yi cikakken binciken haɗari, ta kuma nuna inda ya fi dacewa a sa ido: ruwa mara zurfi, mara gudu, mai yawan masu wanka.

Jayayya ta biyu ta fi nauyi, kuma Terry Hughes na jami'ar James Cook a Ostareliya ne ya fi kowa faɗinta ba ɓoye-ɓoye. A 2016 shi da tawagarsa sun bi ta sama da jirgi suka duba tuddai 911 na Babbar Ganuwar Murjani, mai tsawon kilomita 2,300. Kashi 93 sun koɗe, kaɗan ko da yawa. Inda ɓarnar ta fi muni shi ne can arewa, tsawon kilomita 700 gaba da garin Port Douglas, inda kashi biyu cikin uku na murjanin saman ruwa ya mutu. Wannan yanki shi ne mafi nisa da otal-otal da jiragen baƙi. Kudu, inda ruwa bai yi zafi sosai ba, ya tsira. Taswirar mutuwar ta bi taswirar zafi sau da ƙafa, ba ta bi ta masu yawon buɗe ido ba. A wannan shekarar dai tsibirin Jarvis, a tsakiyar tekun Fasifik, inda ko mutum ɗaya ba ya zaune, ya rasa sama da kashi 90 na murjaninsa. Wa ya shafa mai a can?

Ganuwar Ostareliya ta koɗe a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Duba yadda tazarar ke tsukewa. Murjani mafi saurin girma yana bukatar shekara goma ko fiye kafin ya murmure. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2018, in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 na tuddan murjani, in ta kai 2 kuwa sama da kashi 99.

Ko a Hawai ɗin ma akwai abin da ya fi man kusa. A 2017 jihar na da ramukan masai kusan 88,000 da ba a tace komai a cikinsu, suna tsiyayar da ƙazanta wajen lita miliyan 200 kullum cikin ƙasa mai dutsen aman wuta, wadda ke da ƙofofi ko'ina, daga nan zuwa teku. Majalisar jihar ta yi doka a 2017 cewa a rufe su. Wa'adin da ta bayar shi ne 2050. Masu man rana shekara biyu da rabi aka ba su, masu masai shekara 33. Ba sai an yi dogon tunani ba: canza kwalba a kanta ba ya cin kuɗin mai jefa ƙuri'a, canza masai kuwa dubban daloli ne a kowane gida. A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ban ce dokar man kuskure ce ba. A lungun teku irin Trunk Bay ko Hanauma na Oahu, inda mutum dubbai ke wanka a ruwan da ba ya gudu sosai, tana da ma'ana, musamman da yake mun ji abin da ke samun murjanin da ya riga ya raunana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwanciyar hankalin da take sayar wa mutumin da ya yi awa goma sha biyu a jirgin sama ya zo, ya sayi kwalba mai hoton kifi, ya ɗauka ya sauke nauyi.

Kwalbar ma abin dubawa ce. Rubutun nan da ke cewa man ba ya cutar da murjani babu hukumar tarayyar Amurka da ta fayyace ma'anarsa, kowa na iya mannawa. Kamfanoni da yawa sun cire sinadarai biyun da Hawai ta ambata suka cika da wasu 'yan'uwansu da ba a gwada sosai ba. Shi ya sa gundumar Maui ta zarce jihar, daga Oktoban 2022 ta ce mai ma'adini kawai za a sayar. Amma shi ma ba wankakke ba ne sarai. Masu binciken Ankona sun nuna a 2018 cewa zink-oksaid da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, ba a kuma lulluɓe ƙwayoyinsa ba, yana koɗar da murjani a gwaji. A tsibirin Mayorka na Sifen an nuna titaniyom-dayoksaid na haifar da sinadarin haidirojin-feroksaid in rana ta doke shi a ruwan teku, abin da ke takura ƙananan tsirran da kifaye ke ci. Mai ma'adinin da ba a niƙe shi ƙwarai ba shi ne ya fi dama-dama a abin da aka sani yanzu. Shi ne kuma ya fi barin fari a fuska, kuma a baƙar fata farin ya fi fitowa.

*

Mafita mafi inganci tsohuwa ce, kuma ba a kwalba take ba.  Matan Bajau, masu zama kan kwale-kwale da gidajen kan ruwa tsakanin Filifin da Malesiya da Indunusiya, suna daka shinkafa da kurkum su kwaɓa su shafe fuska, suna kiransa burak. A gaɓar Madagaska da arewacin Mozambik garin itace ake gogawa a dutse a shafa. Ƙarfin irin waɗannan bai kai na kanti ba, amma dabarar ɗaya ce: sa wani abu tsakaninka da rana.

Mai nutso na yau ya riga ya mallaki abin. Rigar robarsa haske ba ya ratsa ta. In ruwa da ɗumi, akwai siririyar riga mai dogon hannu da wando mai kama jiki, waɗanda in an rubuta UPF 50 a jikinsu kashi 98 suke tarewa, ba sa wankewa, ba a sake shafa su bayan minti 80. Farar singileti ta auduga ba ta wannan aiki: a bushe kariyarta wajen 7 ce, in ta jiƙe ta faɗo wajen 3. Wanda ya rufe jiki, ya sa malafa da baƙin tabarau a kan jirgi, ya zauna ƙarƙashin rumfa lokacin jira, abin da ya rage masa na shafawa bai wuce fuska da kunne da bayan wuya da bayan hannu da ƙafa ba. Daga mililita 30 an dawo cokalin shayi ɗaya ko biyu. A shafa tun a masauki, minti 20 kafin shiga ruwa, don ya kama fata. A guji na fesawa, don iska na kwashe wani kasonsa ya faɗa yashi. Tsofaffin hannu ma ba sa shafawa a goshi in za su nutsa, don da zarar ruwa ya ɗan shiga gilashin fuska sai man ya gangaro cikin ido, ga yaji, ga shi kana zurfin mita 18 ba halin murzawa, robar gilashin kuma ta riƙa zamewa a kan maiƙo. Yadin siririyar rigar nan shi ma daga man fetur aka yi shi kuma yana zubar da 'yan zare in an wanke, amma riga ɗaya na shekaru.

Mai baƙar fata kada ya ce ba ruwansa. Launinmu kariya ce ta gaske, an auna ta wajen SPF 13, amma yini guda a kan jirgi ya fi ƙarfinta, kuma ido ba shi da ita. Tsiron naman nan da ke rarrafowa daga gefen ido zuwa tsakiya ya yi yawa tsakanin masunta da matuƙan jirgi a duk ƙasashe masu rana. Mai shan doksisaikilin don rigakafin zazzabin cizon sauro, kamar yadda baƙi da yawa ke yi in za su yankunan murjani, fatarsa ta fi saurin ƙonewa. Wadda ta yi bilicin ta riga ta kankare rabin garkuwarta. Zabiya kuwa, a gare shi man nan magani ne na kullum, kuma zabiyan da ke Kano ko Damagaram ba shi da murjanin da zai cutar. Duk wanda ya ɗauki labarin Hawai ya je yana tsorata shi da man da ya samu da ƙyar, ya cuce shi.

Akwai kuma abin da mai nutso ke yi wa murjani wanda ba a bukatar ɗakin gwaji kafin a gani. Takalmin iyo ya doki reshen da ya shekara biyar yana girma, ya ɓalle. Mai ɗaukar hoto ya dafa dutse don hannunsa ya tsaya. Sabon shiga da bai iya daidaita kansa a ruwa ba ya tayar da yashi ya rufe murjanin da ke ƙasa. Anga ta faɗa ta ja. A gandun Ras Muhammad na Masar an gwada a shekarun 1990: jawabin 'yan mintoci kafin shiga ruwa ya rage taɓa murjani da fiye da rabi. Shirin Green Fins, wanda aka fara a Tailan a 2004 da goyon bayan Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan irin wannan horo ya tsayu, man rana layi ɗaya ne cikin jerin ƙa'idojinsa.

Wuraren da aka ga canji da ido kuwa, kawunan mutane aka ƙirga. Hanauma ta yi wata tara a rufe a 2020 saboda korona, ruwa ya yi garau, manyan kifaye suka matso gaɓa. Da aka buɗe sai aka rage yawan masu shiga, aka sa sai da ajiyar gurbi, aka ware Litinin da Talata ba kowa. Maya Bay ta Tailan, wadda wani fim na 2000 ya jawo mata baƙi har 5,000 a yini, an rufe ta a Yunin 2018, aka dasa murjani, ƙananan kifayen shak suka dawo suna haihuwa a ciki. An sake buɗe ta a Janairun 2022 bisa sharaɗin jirgi ba zai shiga lungun ba, kuma ba a iyo, sai dai a tsoma ƙafa. A nan ba a iya raba amfanin rashin mai da na rashin ƙafa da na rashin anga, don tare suka tafi.

A watan Mayun 2024, kusan shekara uku da hana sinadarai huɗun nan, hukumar gandayen Tailan ta rufe tsibirin Pling da ke kusa da Phuket. Ruwan tekun Andaman ya yi zafin da ya wuce ƙima, murjanin wurin ya koɗe. Wata guda kafin nan hukumar teku da yanayi ta Amurka ta sanar cewa duniya ta shiga koɗewar gama-gari karo na huɗu, kuma zuwa Afrilun 2025 zafin ya taɓa kashi 84 na yankunan murjanin duniya.